Lissafin Ruwan Kwatano: Ina Ake Ajiye Shi?

Duk mazaunin Zongo da Missèbo ya san mashigin ruwan da ya raba Kwatano gida biyu, amma ba kowa ya san haƙa shi aka yi ba. A 1885, zamanin Faransawa, aka yanka shi don tafkin Nokoué ya sami hanya zuwa teku. Tun daga nan ruwan gishiri kan shigo da rani, na kogin Ouémé kuma ya tunkuɗo da damina. A 2010 abin ya fi ƙarfin kowa: ambaliya ta shafi gundumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar Benin.

Kafin a gina babbar kwata ko a tare gaɓar teku, injiniyoyi kan fara gwada ruwan a kwamfuta. Sukan raba wurin ido-ido kamar ragar masunta, na'urar ta riƙa lissafa zurfin ruwa da gudunsa a kowane ido, daƙiƙa bayan daƙiƙa, bisa ƙa'idojin da Navier da Stokes suka tsara a ƙarni na 19. Gwaji ɗaya kan ci kwanaki. To, idan wuta ta ɗauke a kwana na uku fa?

Maganin shi ne yada zango irin na fatake. Manhajar OpenFOAM, alal misali, takan rubuta halin da ruwan ke ciki lokaci-lokaci, kowanne a jakarsa, ta yadda in an tsaya sai a tashi daga zangon ƙarshe. A yawaita rubutun, ma'aji ya cika. A jinkirta, aikin yini ya tafi a banza.

Sake buɗewa bayan shekaru, nan gizo ke saƙa. Lambobin da aka ajiye ba tare da ragar ba tamkar littafin bashi ne da aka yage shafin sunaye: kuɗin na nan a rubuce, amma wa za a bi? Shi ya sa TELEMAC, manhajar kamfanin wutar Faransa, EDF, ke haɗa raga da sakamako a fayil guda. A Amurka ma, Boeing da NASA sun fara tsarin CGNS a 1994 don manhajoji su iya karanta aikin juna. Duk da haka sai an adana yawan ruwan saman da aka sa, da tashin teku, har da samfurin manhajar, domin sabuwa ba lalle ta gane rubutun tsohuwa ba.

A ganina, rahoto mai taswirori masu launi bai wadatar ba. Duk kwangilar nazarin ruwan Kwatano ya kamata ta wajabta a bar fayilolin a ƙasar, a hannun jami'a irin ta Abomey-Calavi. In an cike wani fadama an gina gidaje, ɗalibi zai iya buɗe tsohon lissafin, ya gyara wannan sashen na ragar kawai, ya ga inda ruwan zai nufa.