Masu rainon tsohuwar kwamfuta sun gamu da shingen Windows 11

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutar da ya kira IBM PC, wadda mafi arharta ke da ƙwaƙwalwar RAM kilobayit 16 kacal. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne ramuka biyar da aka bari a cikinta, inda mai ita zai cusa ƙarin kati da hannunsa. Daga nan wasu, musamman a Amurka da Turai, suka mayar da kwance kwamfuta da ƙara mata ƙarfi abin sha'awarsu na tsawon rayuwa.

Irin waɗannan mutane ba sa saurin jefar da na'ura. Idan ta fara nauyi, sai su ƙara RAM ko su sauya kati ɗaya, akwatin yana nan. Sun ga lokacin da Windows 95 ke neman megabayit 4. Yau Windows 11 na neman gigabayit 4, wato kusan ninki dubu. A shekarun baya-bayan nan, cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD ya farfaɗo da kwamfutocin da aka fid da rai da su.

Sai dai yanzu dabarar ta gamu da cikas. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro kyauta. Ita kuma Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma galibi sai firosesar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama. Ƙarin RAM ba ya magance wannan. Ga kuma sababbin kwamfutoci, irin MacBook masu M1, da aka manne musu ƙwaƙwalwa yadda ba ta sauyuwa.

Lamarin ya shafi Najeriya kai tsaye, domin ɗalibai da masu shagunan buga takardu da dama sun dogara ne da laftof na hannu da ake shigowa da su, wasunsu sun girmi wannan sharaɗin.

Masu sha'awar dai ba su karaya ba. Da yawa na ɗora wa tsofaffin na'urorinsu Linux Mint, manhaja ta kyauta. Mai shirin sayen ta hannu kuwa, ya fara tambayar ƙarnin firosesar kafin a shiga ciniki.