Kada Gyara Ya Goge Asalin Goge

Idan magada suka buɗe tsohon ɗaki a Wudil suka tarar da goge rataye, ƙura ta lulluɓe shi, fata ta tsage, abin da ke fara zo musu a rai shi ne a kai wa mai gyara ya mai da shi sabo fil. Garin neman gira a nan ake rasa ido.

Shaidar goge a jikinsa take. Girman ƙoƙo ke raba shi da kukuma irin ta Ahmadu Doka, wadda ta fi ƙanƙanta da siririyar murya. Fatar guza ake ɗaura masa, kuma zanen ɓawonta ba ya ɓuya ga wanda ya san guzan bakin kogi. Tsirkiyarsa tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki. Inda hannun makaɗi ya suɗe sanda har ta yi sheƙi, wannan ba dauɗa ba ce, shekarun aiki ne.

Turawa sun riga mu cin wannan tuntuɓe. Antonio Stradivari na birnin Cremona a Italiya, wanda ya rasu a 1737, ya ƙera gogensu mai tsirkiya huɗu ta hanjin tumaki. A ƙarni na 19 masu gyara suka tsawaita wuyan galibin irin waɗannan goguna don amonsu ya cika manyan zaurukan kiɗa, har ya zama da wuya a sami mai wuyan asali. Takardar suna da ake liƙawa a ciki ma ba hujja ba ce, domin masana'antun Jamus sun liƙa sunan Stradivari a dubban kwaikwayo. Masana sukan duba sassaƙar kan gogen da fentinsa, su ƙirga layukan katakon don gano zamanin da bishiyar ta rayu. A 2011 an sayar da wani gogen Stradivari na 1721, mai laƙabin Lady Blunt, fam miliyan 9.8, saboda hannun gyara bai cika taɓa shi ba.

To namu fa? Tsagiya ana iya sauya ta, dama can makaɗa na sauyawa. Ƙoƙo da fata kuwa a bar su, kada a shafa fenti ko a ɗiga gam mai kama nan take. A ɗauki hotonsa tukuna, a tambayi dattawan unguwa wa ya kaɗa shi, a gidan biki ne ko a wasan bori. Sannan a mai da shi sama a rataye, nesa da danshi da gara.