Wa Zai Tsaya Maka? Yadda Sabo ta Ibadan ta Sayi Amana

Duk wanda ya je neman abinci a garin da ba nasa ba, ana yi masa nasiha iri ɗaya: ya saki fuska, ya koyi gaisuwar mutanen, ya girmama manyansu. Nasihar ba ta da laifi, amma tarihin unguwar Sabo ta Ibadan ya nuna ba ta isa. Sakin fuska yakan buɗe ƙofa, sai dai ba ya sa mutum ya ba ka dukiyarsa. Abin da ya ɗaure Bahaushe da Bayarabe a kasuwa shi ne samun wanda zai tsaya wa baƙo, mutum mai gida da suna a garin, wanda ba zai tattara ya gudu da dare ba.

An keɓe wa Hausawa Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ibadan da Kano, fataucin goro da shanu ya bunƙasa. Abner Cohen, wani masani da ya zauna a unguwar a 1962 zuwa 1963, ya ƙiyasta cewa a lokacin shanu kusan 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan duk shekara, galibinsu kuwa bashi. A duba lamarin da kyau. Falke ya taso daga Arewa da garkensa, bai san kowa ba, ba ya jin Yarabanci, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Mahauci Bayarabe ba shi da kuɗi a hannu sai ya yanka ya sayar. Babu takarda, babu banki, babu mai tunanin kotu. Mai gida ne ya cike wannan gurbi: shi zai sauki falken, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗinsa, ya sa dillalansa su yi ciniki, sannan ya ɗauki lamunin cewa in mahauci ya cinye, shi zai biya. Su kuwa dillalan, jarinsu shi ne sanin mutane. Sun san mahaucin da cinikinsa ke tafiya, da wanda bashi ya yi wa katutu, da wanda ya yi biki ya kashe uwar kuɗi. Wanda ya ƙi biya kuma zai tarar masu gida sun haɗa baki, babu mai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Mahauci ma ya ci riba, domin ya samu nama ba da tsabar kuɗi ba, kuma ya san ƙofar da zai buga in an cuce shi.

Wani zai ce ai wannan ba amana ba ce, tsoron asara ne. Gaskiya ne akwai tsoron asara, kuma mai gida ba don Allah kaɗai yake yi ba, da la'adarsa. To amma wace amana ce tsakanin baƙi ta fara daga so? Sai an yi shekaru ana biya a kan lokaci kafin a kai ga halartar suna da jana'izar juna. Wani kuma zai ce Sabo ware kanta ta yi, ya kawo hujja da farkon shekarun 1950, lokacin da mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka koma yin Juma'a a nasu masallacin maimakon babban masallacin gari. Wannan suka tana da nauyi. Sai dai haɗin kan cikin gida shi ne ya sa Sarkin Hausawa da masu gida ke iya hukunta nasu in ya ci amanar ɗan gari. Jama'ar da ba ta iya tsawata wa ɗanta, lamuninta ba ya sayen komai.

Suka mafi zafi ita ce rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021, inda ƙaramar taƙaddama ta zama asarar rayuka da ƙona shaguna, har gwamnonin Kano, Kebbi, Neja da Zamfara suka je wajen Gwamna Seyi Makinde. In shekara ɗari na ciniki sun gina amana, ina take a ranar? A ganina tana inda take tun asali, wato tsakanin mutanen da suka san juna da suna. Ba ta taɓa rufe kowa da kowa ba. Yau matashi na sauka daga tirela ya kama dako ko acaɓa ba tare da ya kwana a zauren kowa ba, waya da tura kuɗi ta banki kuma sun rage buƙatar mai gida ga ɗan kasuwa. In ya yi laifi babu wanda za a kai wa ƙara, in an zalunce shi babu mai bin kadinsa.

Mu ma a Arewa mun taɓa zama 'yan garin da baƙi suka zo wa da aiki. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda zargi, aka dawo da shi a 2004, amma iyaye da yawa ba su buɗe ƙofa ba sai da sarakuna, malamai da masu unguwanni suka sa baki. Ma'aikatan rigakafin na waje suna da takardun shaida da na'urori. Iyayen kuwa so suke su ga fuskar da za su tarar a ƙofar masallaci gobe idan yaro ya kwana da zazzaɓi.