Kukan Boris ɗin Taya: Kada Ka Rufe Shi da Kiɗa

 Yau magana ce kan jif ɗin da ke gurnani, wuu-wuu, kamar jirgi zai tashi. Da yawa daga cikinmu sai mu ƙara sautin rediyo. To wallahi wannan ganganci ne, domin boris in ya ci ya cinye, taya na iya cijewa ko ta fice ana tsaka da gudu.

Ta yaya za ka gane shi ne? Kukan yana ƙaruwa da gudun mota, kuma ko ka sa giya a firi ba ya tsayawa. A hanyar da ba cunkoso, karya sitiyari kaɗan zuwa hagu. Nauyi zai koma dama. In kukan ya ƙaru, yawanci boris ɗin dama ne. Sannan a ɗaga motar da jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana lilo, ko ka juya ta ka ji ƙarar gurzawa, to ka kama ɓarawon.

Me ke kashe shi? Ramuka, lodi fiye da kima, da ruwan damina da ke wanke giris.

Gyara kuwa, yawancin na zamani a rufe suke, ba a ƙara musu giris, canzawa ake. Ka ce wa bakanike ya sa da injin matsa, ba da guduma ba, ya ɗaure noti daidai ƙa'ida.

Allah Ya tsare hanya. Sai shiri na gaba.