Randa Cikin Randa: Darasin Da Maginan Tukwane Suka Koya Mana

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar kayan gwari a tsakiyar bazara ya san warin asara. Tumatirin da aka tsinko shekaranjiya ya soma narkewa a kwando, manomi kuwa ba shi da zaɓi illa ya karyar da shi, ko ya ɗora wa 'yarsa talla ta shiga lungu-lungu kafin ya ruɓe. Wanda bai sayu ba yakan ƙare a tukunyar miyar gidan, ciwon ciki ya biyo baya.

Wannan matsala ce ta hana marigayi Mohammed Bah Abba barci. Malamin makaranta ne a Jihar Jigawa, ya kuma tashi a gidan maginan tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani, wato ruwan randa ya fi na bokiti sanyi, ya gina dabararsa a kai. Ana saka ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi, sannan a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar waje yakan bi iska, ya tafi da zafin da ke ciki. Babu lantarki, babu inji. Abin da ake bukata shi ne inuwa, da wurin da iska ke kaɗawa, da ƙarin ruwa safe da yamma.

Gautar da ke lalacewa cikin kwana 3 ta riƙa kai wa kwana 27. Ya ɗauki magina suka gina masa guda 5,000, ya raba a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo tare da dala 75,000.

Amfanin bai tsaya ga abinci ba. Uwar da kayanta za su yi mako biyu ba su ruɓe ba, ba ta da dalilin fitar da yarinya talla har duhun magariba, cikin haɗarin mota da na mugayen mutane. Tukunyar yumɓu ta zama garkuwa ga lafiyar ciki da mutuncin 'ya mace.

Gaskiya dai randar tana da iyaka. Da damina, idan iska ta cika da laima, sanyinta yakan ragu, kuma ba za ta tsaya a madadin firiji wajen ajiye ɗanyen nama ba. Amma sanin iyakar abu ma ilimi ne.

Abin takaicin shi ne yadda ɗalibanmu ke raina irin wannan aiki. Ɗalibin fasaha yakan kwafo aikin kammala karatunsa daga intanet, alhali maƙeri da baduku da magini suna bakin ƙofar makarantarsa. Wanda ya fara ɗinka wa wuƙa kube, da wanda ya saƙa malafa saboda zafin rana, duk matsalar kare rai suka warware da abin da ke hannunsu.

Ya kamata kwalejojin kimiyya da fasaha su tura kowane ɗalibi rumfar mai sana'a, ya dawo da matsala ɗaya ta unguwarsu da maganinta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.