Ciyawar roba cikin akwatin kifi

Yara, kun saba ganin kifi a kogi, ko a tabki, ko a kasuwa. Amma akwai mutanen da ke kiwon ƙananan kifaye cikin ɗaki, ba don ci ba, sai don kallo. Suna sa su cikin akwati na gilashi cike da ruwa. Da faransanci ana ce wa wannan akwati aquarium. Kifin da aka fi sani a ciki shi ne jan kifi, wanda mutanen ƙasar Sin suka fara kiwo fiye da shekara 1000 da suka wuce.

Kifi ba ya son fili fetal. Yana son wurin ɓuya, inda zai laɓe in ya tsorata. Shi ya sa ake dasa masa ciyawa cikin akwatin. To, amma jan kifi akwai ɓarna: yakan cinye ganyen, ya tumɓuke saiwar. Saboda haka mutane da yawa sukan sa masa ciyawa ta roba. Ita ba ta bushewa, ba ta ruɓewa, kifi kuma ba ya cin ta.

Sai dai ba kowace roba ce ake sa wa kifi ba. Kun san furannin roba da ake sayarwa a kasuwa don ƙawata ɗaki? Yawancinsu akwai wayar ƙarfe cikin karansu. In ruwa ya taɓa ƙarfen sai ya yi tsatsa, ko tsininsa ya fito ya soki kifi. Waɗansu kuma launinsu yana zuba, waɗansu an fesa musu turare. Duk wannan yana iya zame wa kifi guba, domin ruwan da yake zaune ciki, da shi yake numfashi.

Ga yadda ake gwada ciyawar. A jiƙa ta cikin bokitin ruwa mai tsabta kwana biyu. In ruwan ya canza launi ko ya yi wari, a rabu da ita. Sannan a sami ƙyalle mai shara-shara a shafa a kan ganyen. In ganyen ya kama ƙyallen, to zai yage wutsiyar kifi, ciwo kuma ya shiga wurin.

Bayan ƴan makonni za ku ga gansakuka ta rufe ganyen, musamman in akwatin yana inda rana ke bugawa. Sai a cire ciyawar, a wanke ta da ruwan ɗumi, a goge da sabon buroshi mai taushi. Kada a sa sabulu ko kaɗan! Ko an ɗauraye, yakan maƙale a jikin roba, ɗan kaɗan kuwa ya isa ya lalata wurin numfashin kifi da ke gefen kansa.

Akwai wani abu da ciyawar roba ba ta iya yi. Ciyawa mai rai, in haske ya same ta, tana fid da iskar oksijan cikin ruwa, tana kuma shanye wani ɓangare na ƙazantar kifi. Ta roba ba ta yin ko ɗaya. Don haka wannan aiki ya koma kan mai kiwo. Kowane mako sai ya kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ya zuba sabo. In ruwan famfo ne, ya bar shi ya kwana a buɗe tukuna, don maganin da aka sa masa ya fita. Lokacin bazara a ƙara lura, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijan da yawa. In kun ga kifi ya taso sama yana buɗe baki yana haki, iska ce ta yi masa kaɗan.

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a sa wa kifi furen roba mai waya a ciki?
2. Da me ake wanke ciyawar roba?
3. Wane aiki ciyawa mai rai ke yi wanda ta roba ba ta yi?