Ko Kun Sani? Mai Karɓar Kuɗin Haya Da Ya Zana Talakawan Ingila

Ko kun san cewa L. S. Lowry (1887–1976), wanda ya yi fice wajen zana titunan garuruwan masana'antu na arewacin Ingila, ba da zane ya fara ciyar da kansa ba? Daga 1910 zuwa 1952 ma'aikacin wani kamfanin gidaje ne a Manchester, yana bi gida-gida yana karɓar kuɗin haya. Sai dare ya yi yake zama ya yi zane. Ya kuma ɓoye wannan aiki, don kada a ce masa ɗan koyo.

Yawon nan ne ya buɗe masa ido. A zanensa za ku ga ma'aikata sun taso daga masaƙa tururu, kai a sunkuye, ƙafafu sirara kamar tsinken ashana cikin manyan takalma. Ga yara suna wasa, ga baƙin kare yana ratsa taro, can baya dogayen bututu suna aman hayaƙi. Abin mamaki, yawancin mutanen nasa ba su da inuwa!

Launi 5 kacal yake amfani da su: fari, baƙi, ja, shuɗi da rawaya. A ganina wannan rowar launi ce ta sa zanen ya yi kama da rayuwar da ya gani.

Sau 5 yana ƙin karɓar lambar girmamawa ta ƙasa. A 2022, zanensa na 1953 da ke nuna jama'a suna tururuwa kallon ƙwallo a Bolton ya yi kuɗi har fam miliyan 7.8.